Ruwan da Aka Cire wa Launi

Sana'ar Inna rini ce, kuma da rinin ta riƙe ni tun da Baba ya rasu. Gidanmu yana unguwar Dutse Uku a Jos, ɗaki biyu da tsakar gidan da wani ƙaton dutse ya cinye rabinta. A gindin dutsen take girka duro, ta hura wuta, ta zuba galura da soda, ta tsoma farar shadda ta fito da ita ruwan goro ko shuɗiya. Safar hannunta ta roba kullum a huje take, don haka yatsunta ba su taɓa zama launin yatsun mutane ba. In za ta je biki sai ta sha lalle mai duhu ta ɓoye su.

Ni aikina shanya da zubar da ruwa. A lokacin na gama sakandare, ina zaman jiran sakamako da jiran miji, ina hayar littattafan soyayya a wani shago a Kwararafa, in gama ɗaya in mayar in ɗauko wani. Da hannu ɗaya nake shanya, littafi yana ɗayan. Idan ruwan duro ya mutu, wato ya daina kama yadi, sai in kamfata da bokiti in sheƙa a kwata. Kwatar ta bi ta ƙofar gidajen layinmu, ta wuce gaban ɗan masallacin layi, ta gangara rafi. Shekara da shekaru haka ake yi. Bakanike yana zuba mata baƙin mai, mahauci yana wanke jini a ciki, matan layi suna sako ruwan wanke-wanke da na kashin yara. Duk wannan ba laifi ba ne, domin baƙi ne, kuma da baƙi aka san kwata. Namu ne kaɗai yake fitowa shuɗi, sai ya zama namu ne kaɗai ƙazanta.

Maganar ta tashi ne ranar da wani ɗan acaɓa ya faɗa kwatar a guje, ya watsa wa Baba Alhaji ruwa a farar babbar riga. Baba Alhaji shi ne babban layinmu. Gidaje da yawa a layin nasa ne, shi ya gina masallacin, kuma aminin Baba ne tun suna samari, har dangi sun riga sun tsayar cewa in aurena ya tashi shi ne waliyyina. Rigar ba ta wanku ba. Da ta wanku, da Inna ba ta iya aikinta ba.

Ya aiko aka kira Inna. Na raka ta, muka durƙusa a bakin soronsa, kanta a ƙasa.

Ya ce, "Uwar 'yata, ba na son in yi miki abin da marigayi zai ji haushina. Amma mutane sun gaji. Ko dai ruwan nan mai launi ya daina bi ta ƙofar jama'a, ko rinin ya bar layin nan. Na ba ki zuwa ƙarshen wata."

Inna ta ce, "To, Alhaji. Allah ya huci zuciyarka."

Na so in tambaye shi su waye mutanen da suka gaji, tunda kafin rigarsa ta ɓaci ban ji wanda ya gaji ba. Amma ba a tambayar babba, sai na haɗiye. Na bi Inna muka koma gida. Ta tsaya tana kallon duron, ta ce, "In na bar rini me zan yi? Ƙosai? Layin nan masu suya sun fi masu ci yawa."

A wannan lokacin akwai mai zuwa zance wurina. Ɗalibi ne a jami'a, yana karatun haɗa sinadarai, siriri mai tabarau. Yana hayar ɗaki a gidan Madam, maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da manja da busasshen jatan lande, wanda mu a Jos muke kira kirefish. Madam tana cikin waɗanda ba su tashi ba lokacin da garin ya rikice mutane suka rarrabu unguwa-unguwa. Ta ce tare suka shigo layin da Inna, tare za su fita. Samarin littattafaina da mota mai sanyi suke zuwa, da ƙamshin turare, su kira budurwa da sunan tauraro. Nawa a ƙafa yake zuwa bayan la'asar, cikin rigar sanyin da ta koɗe, in ya rasa abin faɗa sai ya yi mini bayanin abin da ya sa sabulu yake kumfa. Duk da haka na riga na saka shi a littafi a cikin kaina. Motar na ajiye masa ita sai babin ƙarshe.

Da na ba shi labari ina hawaye, bai zaro hankici ba. Ya gyara tabarau ya ce, "Ruwan, in ya kwana, launin yana kwantawa ƙasa ko yana nan a gauraye?"

Na ce, "Tambayar da ake yi wa mai kuka ke nan?"

Ya ce, "Ki ɗebo mini kwalba ɗaya, ki yi kukan daga baya."

Bayan 'yan kwanaki na iske shi a shagon Madam yana roƙon ɓawo da kawunan kirefish ɗin da take tankaɗewa ta zubar. Madam ta riƙe ƙugu tana kallonsa.

"Oga ɗan makaranta, wannan datti ne fa. Kaza ma ba ya ci. Kai zai ci?"

"Magani zan haɗa, Madam."

"Maganin soyayya? Yarinya ya riga ya mutu a kanka, ka bar wahala."

Ban tsaya sayen manjan da aka aiko ni ba, na ruga gida.

A tsakar gidanmu ya yi aikin, domin nan ne akwai wuta da soda. Ya dafa ɓawon har wari ya cika layin, ya wanke, ya shanya, ya jiƙa shi a ruwan tsami har ya narke ya zama kamar koko. Ya haɗa da sitacin rogo, ya shafa a kan farin alawayyo, ya shimfiɗa a faranti ya bar shi ya bushe a inuwa. Abin da ya fito wani tantani ne mai sheƙi kamar bayan albasa, in ka ɗaga shi rana tana ratsowa. Ya ce yana da ƙofofin da ido ba ya gani, ruwa zai wuce, galura ta maƙale. Ya ce daɗin abin shi ne duk da abin da ke ruɓewa aka yi shi, in ya gaji sai a binne a yi wani. Na farko ya yage. Na biyu ɓera ya ci rabinsa.

Inna ba ta zama inda yake, saboda kunyar suruki. Daga bayan labule take magana, ta bakina, alhali yana jin ta sarai.

"Ke, tambaye shi ko warin nan zai ƙare kafin Sallah."

"Ki gaya wa Inna in sha Allahu ya kusa."

"Ki ce masa ga tuwo nan, mutum ba ya dafa datti da yunwa."

Ni ina tsakaninsu ina isar da saƙon da ya riga ya isa, kuma wallahi kwanakin nan sun fi duk abin da na karanta daɗi. Ina kallon yadda yake ɗaga tantanin da yatsu biyu kamar zai yi masa ciwo, ina cewa a raina haka zai riƙa riƙe ni.

A ƙarshe ya huda gindin bokiti, ya ɗaure tantanin, ya zuba dakakken gawayi a kai. Ya sa na kaɗa mataccen ruwan rini da muciya har ya yi kumfa, muka bar shi ya kwana. Da safe ya zuba. Ruwa shuɗi har yana baƙi ya shiga ta sama. Muka tsuguna muna jira. Can sai ga ɗigo ya faɗo cikin kwano, fari tas kamar ruwan sama. Sai wani, sai wani.

Inna ta manta da labule. Ta fito ta ɗauki kwanon ta ɗaga shi sama tana juyawa, ta tsoma yatsu biyu ta murza, ta ji santsi. Shi kuma ya yi maza ya ce, kansa a ƙasa, "Inna, kada a kai shi baki. Launin ne ya fita, sodar tana nan. Ita ba ta da launi, tantanin ba ya kama ta. Saura in kashe ta da tsami. Ina gwada tsamiya da ruwan gasara, ban gama ba."

Inna ta dube ni ta ce, "Ki ce masa na sani. Ki ce Allah ya yi masa albarka."

Madam ba ta iya riƙe labari mai daɗi. Kafin azahar duk layin ya ji cewa ɗan hayarta ya mayar da ruwan rini fari da ɓawon kirefish. Da yamma sai ga Baba Alhaji da sallama, da mutum biyu daga majalisarsa. Inna ta koma bayan labule. Aka zuba a gabansu, suka ga ɗigon.

Baba Alhaji ya ce, "Allahu akbar! Kun gani ko? Da ban matsa ba, da har yau ana nan ana ɓata wa mutane tufafi." Ya juyo wurinmu. "A tara shi a duro, a fitar ƙofar gida. A bar shi a buɗe har Juma'a ta wuce, duk mai zuwa masallaci ya gani da idonsa."

Ɗalibin yana tsugune, ya ce, "Baba, akwai sauran aiki. Sodar da ke ciki..."

"Yaro, ni launi na ce a cire. An cire ko ba a cire ba?"

"An cire, Baba."

"To, sauran turancin ka ajiye wa malamanka."

Ɗaya daga cikin 'yan majalisar ya ce, "Ka lallaɓa fa, malam, wannan ne zai ba ka mata." Suka kwashe da dariya. Ɗalibin kuma ya sunkuyar da kai ya yi murmushi. Har yau ban manta murmushin nan ba.

Inna ta yi mini raɗa ta bayan labule, na ce, "Baba, Inna ta ce ko a rufe shi."

Ya ce, "Abin da aka rufe wa zai gani? Me ake ɓoyewa?" Ya kaɗe riga suka fita.

Na dubi ɗalibin na ce me ya sa bai ƙarasa maganarsa ba. Ya ce, "Kwana kaɗan ne. Kowa a layin nan ya san ruwan rini ne." Gaskiya ya faɗa, kowa a layin ya sani. Duk da haka da aka fitar da duron, Inna ta kife masa faifai ta ɗora dutse. Da safe muka tarar an ture dutsen, faifan yana cikin kwata, sannan aka aiko daga gidan Baba Alhaji cewa ba ya son maimaita magana.

Rani ne. Famfo ya daɗe da ɗaukewa, rijiyoyi sun ja baya, masu kura suna yanga da ruwansu. A irin wannan lokaci gidan da Allah ya hore wa yakan fitar da randa ko duro ƙofar gida don masu wucewa. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ma'anar ruwa mai tsabta a buɗe a ƙofar gida kusa da masallaci. Sadaka ne. Ba a sallama, ba a tambaya, ɗiba ake yi a yi wa mai gida addu'a. Baba Alhaji ya fi ni sanin wannan, domin shi kansa yakan fitar da randa.

Sai na koma zama a soro da littafina ina gadin duro, ina korar yara da awaki. Ranar Juma'a rana ta take, Inna ta kira ni in kama mata matsar shadda, domin jiƙaƙƙiyar shadda mutum ɗaya ba ya iya murɗe ta. Na shiga. Akwai waɗanda daga baya suka ce da ban tashi ba da abin bai faru ba. Ban karɓi wannan ba, kuma ba zan karɓa ba. Ba ni na ture dutsen ba.

Wani tsoho ne, Bafulatani makiyayi, ya shigo gari daga ruga don ya sayar da sa. Baƙo ne, bai san layinmu ba, bai san Inna ba. Ya makara bai samu babban masallaci ba, ya ji ana tayar da sallah a namu, ya ga ruwa. Ya cika butarsa ya tsuguna. Ya wanke hannu ya ji santsi, amma yana sauri. Ya kurkure baki ya shaƙa a hanci. Da zafin sodar ya kama shi, sai ya yi abin da kowa zai yi, ya kamfato ruwan ya watsa a fuska don ya ji sanyi.

Ihunsa muka ji. Kafin mu fito Madam ta riga mu. Ta ɗauko jarkar ruwan da ta saya don girki, ta kwantar da shi a ƙasa tana kwarara masa a fuska, tana buɗe masa fatar ido da yatsa, tana cewa, "Buɗe ido, Baba! Buɗe, kada ka rufe!" Inna ta fito ba mayafi, hannayenta shuɗi har gwiwa.

Masallaci ya watse a kanmu. Na ji wani daga baya ya ce guba. Wani ya ɗauka ya ce an sa guba a ƙofar masallaci. Wanda bai zauna a Jos a shekarun nan ba ba zai san abin da wannan magana za ta iya yi wa layi guda kafin la'asar ba. Na ga idanu sun fara komawa kan Madam, tana durƙushe da jarka a hannu, ga sarƙar coci a wuyanta.

Inna, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban maza ba, ta shiga tsakani ta ɗaga hannayenta sama.

"Ruwana ne! Ruwan rinina ne, ga hannuna ku gani. Ku bar ta, ceton sa take yi."

Idanu suka bar kan Madam suka dawo kan Inna. Baba Alhaji yana tsaye a gaba da carbi. Na zuba masa ido ina jira, domin kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Ya girgiza kai ya ce, "Subhanallahi. Yanzu wa ya ce a bar irin wannan abu a buɗe a hanyar mutane?"

Mutanen nan biyu da suka zo gidanmu tare da shi suna wurin. Ɗaya ya hau gyaran hula, ɗaya ya duƙa neman takalminsa. Ɗalibin ma yana cikin sahun. Ya kutso, ya tare acaɓa, ya rungumi tsohon suka tafi asibiti. Ba zan hana shi wannan ba, ya yi. Amma bakinsa a rufe ya tafi.

Bakin tsohon ya warke, hancin ma ya warke. Idon hagu ne ya yi fari bai dawo ba. Inna ta riƙa dama kunu muna kai masa. 'Ya'yansa sun zo da fushi, ya hana su, ya ce ƙaddara ce kuma ya yafe. Wata rana muna zaune a gefen gadonsa sai ya juyo da ido mai gani ya ce wa Inna, "Baiwar Allah, abu ɗaya ne ban gane ba. Me ya sa ba ku bar shi da launinsa ba? Da shuɗi na gan shi, ko saniyata ba za ta kusance shi ba." Inna ta rufe fuska da mayafi. Ni na fita waje, domin in na buɗe baki sunan Baba Alhaji ne zai fito, kuma Inna ta riga ta roƙe ni don girman Allah kada in ambace shi.

Aka yi zama a soron Baba Alhaji. Ba a kira mata ba. An kira ɗalibin don ya yi bayani. Da aka tashi, aka aiko mana da hukunci: rini ya bar layin, ko fari ko shuɗi.

Washegari bayan la'asar ya zo zance kamar kullum. Na fita soro ban ko gaishe shi ba.

"Me ka ce musu?"

"Na yi musu bayanin soda. Na ce tantanin bai da laifi, aikin ne ba a gama ba."

"Tantanin. Ka wanke tantaninka. Ka gaya musu wanda ya ce a fitar da duron? Ka gaya musu Inna ta rufe aka buɗe?"

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Ya daɗe yana gogewa.

"Ki fahimce ni. In na ƙaryata shi a gaban jama'a, kin san ba zai ba ni ke ba. Saboda ke na yi shiru."

A littattafan da nake karantawa, in saurayi ya ce saboda ke, budurwa sai ta lumshe ido, ƙafafunta su kasa ɗaukarta. Na sha karanta wurin in koma in sake karantawa. Ranar da aka faɗa mini, ban lumshe ido ba.

Na ce, "Wato da sana'ar uwata za ka aure ni. Ita ta tsaya a gaban maza ba mayafi ta ɗauki laifin da ba nata ba don a bar Madam. Kai da wandonka da karatunka ka kasa cewa, Baba, kai ka ce."

"Ba haka ake yi wa manya ba."

"Haka ake yi wa gwauruwa dai."

Ya ce ya kusa gano yawan tsamiyar da za ta kashe sodar, in an ba shi lokaci zai gyara komai. Na ce in ya gama ya kai wa Baba Alhaji ya yi alwala. Na shige gida.

Ya sake zuwa, ya sake zuwa, ban fita ba. Ya aiko Madam. Ta zauna a kan turmi ta ce, "Yarinya, yaron ba mugu ba ne. Tsoro ne kawai ya kama shi." Na ce na sani, Madam. Na san ba mugu ba ne, kuma na san abin da ya haɗa abu ne mai kyau, da an bar shi ya gama da layinmu ya amfana har rafin ma ya huta. Wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Abu mai kyau ya zo har tsakar gidanmu, wani ya mayar da shi abin nuna isa, wani ya yi murmushi ya ƙyale. Inna da kanta ta ce in sassauta, na ce ta yi haƙuri, wannan karon ba zan isar da saƙo ba. Da ya gama jarrabawa ya kwashe kayansa ya koma garinsu.

Inna ba ta soya ƙosai ba. Ta samu wuri a bakin rafi ta wajen Gada Biyu, inda masu wanki suke shanya a kan duwatsu, wurin da ba na kowa ba. Kullum da sassafe muke ɗora duro da itace a amalanke mu gangara, cikin sanyin nan na Jos da ke shiga ƙashi. A can ba kwata, ba tantani, ba mai hana kowa. In ruwa ya mutu, kai tsaye cikin rafin yake tafiya, da launinsa da sodarsa. Ranar farko da Inna ta karkata duron, kawar da kai ta yi. A ƙasa kaɗan mata suna wanke-wanke, gaba da su shanu suna sauka sha. Ba wanda ya kira zama a kan wannan, domin ba ta ƙofar kowa ya bi ba.

Masu kawo aiki suka ragu, mata ba sa son gangarowa rafi da shaddarsu. Tari ya kama Inna, irin wanda ba ya jin magani, saboda tsayuwa cikin ruwa da safe. Ana saura kwanaki kaɗan Sallah, sai ga wata mai aiki daga gidan Baba Alhaji da ƙullin farar shadda a ka. Ta ce an ce a gaishe da Inna, a rina wa iyali launin jinin kare, kuma a hanzarta don tela yana jira.

Na ɗauki ƙullin zan mayar mata a ka. Na ce ta je ta ce rini ya bar layin, ko fari ko shuɗi, shi ya faɗa.

Inna ta karɓe daga hannuna. Ta kwance, ta warware shaddar ta duba ta a rana, ta murza bakinta ta ji nauyinta. Ta yi tari har sai da ta dafa dutse. Sannan ta ce wa mai aikin ta dawo jibi.

Na ce, "Inna!"

Ta ce, "Ba wani aikin a gabanmu yau. Hura wutar."